Ranar da awo ya ce min ruwa yana da ƙasa da sifili

Akwai wata rana da har yanzu in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai. Tun wajen ƙarfe 10 na safe nake zaune gaban na'ura ina auna haidirojin feroksaid a cikin samfuran ruwan tafki guda 12, ban tashi ba sai da la'asar ta yi, baya na ciwo ido na yaji, da na gama na zuba lambobin a kwamfuta sai ga shi wai guda 5 daga ciki suna ɗauke da ƙasa da sifili. Ɗaya ma debe 40 nanomola ya nuna, nanomola kuwa ɗan ƙaramin ma'auni ne na yawan sinadari a cikin ruwa. Debe fa. Wato ba ma babu feroksaid a ruwan ba, har bashi ake bin sa. Na sake lissafin sau uku ina tsammanin ko wani layi na juya, shiru, abin yana nan yadda yake. Na ɗauki takardar na kai wa babbanmu a ɗakin gwajin, dattijo ne da ya daɗe yana wannan aiki tun ban san menene fifet ba, ɗan bututun nan na ɗibar ruwa da awo, ya gyara tabarau ya duba, ko taɓa lissafin bai yi ba sai ya ce, "Da wane ruwa ka yi sifilinka?" Wato ruwan da ake ɗauka babu feroksaid a cikinsa, a cire abin da ya nuna daga na samfuran. Na ce, "Malam, da ruwan injin tacewa mana, wanda ya fi kowanne tsafta." Ya miƙo min takardata ya ce, "To je ka auna shi shi ma."

Kafin na faɗi abin da na tarar bari na ɗan koma baya saboda waɗanda ba aikinsu ba ne. Haidirojin feroksaid, wanda ake rubutawa H2O2, shi ne ruwan nan da ake zubawa a ciwo ya yi ta kumfa, mai zuwa a kwalba mai duhu, yawanci kashi 3 cikin 100. Ɗan uwan ruwa ne na jini, oksijin ɗaya tal ya fi shi da ita, amma wannan ɗayar ce ta mai da shi fitinanne, ba ya son zama, da ya samu ɗan dalili sai ya watse ya koma ruwa da iskar oksijin. Wani Bafaranshe Louis Jacques Thénard ne ya fara haɗa shi a 1818. In yana da yawa auna shi ba wani aiki ba ne, ɗalibin shekarar farko ma zai yi, ka zuba asid ka dinga ɗiga masa wani sinadari mai launin shunayya da ake kira famanganet har ruwan ya riƙe launin hoda ya daina ɓacewa, mola 2 na famanganet na tafiya da mola 5 na feroksaid (mola ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari ne), ka buga lissafi ka tashi.

Rigima tana farawa ne in aka sauko ƙasa. Nauyin mola ɗaya giram 34 ne, saboda haka miligiram 1 a lita ya yi daidai da maikiromola 29 da ɗan ɗori (maikiromola 1 nanomola 1,000 ce), nanomola 100 kuwa maikirogiram 3.4 ne kacal a lita. In kana so ka ga ƙanƙantarsa, ɗauki ɗigo ɗaya daga waccan kwalbar ta wanke ciwo ka jefa a tanki mai lita 440 ka juya sosai, to abin da ke ruwan nan shi ne wajen nanomola 100. Kuma irin wannan adadin ne ake samu a saman teku da tafki, daga 'yan gommai zuwa 'yan ɗaruruwa. Ba wani ne ya zuba ba, rana ce ke yin sa. Van Baalen da Marler ne suka fara ba da labarin samun sa a ruwan teku a 1966, sannan a 1983 Cooper da Zika suka nuna yadda hasken rana ke haifar da shi a ruwa, haske ya faɗo kan narkakkun tarkacen ganye da sauran abubuwa masu rai da suka ruɓe, su kuma su miƙa wa oksijin ilaktoron ɗaya ta zama sufa'oksaid, biyu daga cikinsu su haɗu su ba da feroksaid. Ruwan sama ya fi duka yawa, nasa a maikiromola ake magana, har gommai, shi ya sa bayan an yi ruwa adadin saman teku ke tashi.

To wa ya damu? Ai da yawa. Akwai wata 'yar halitta a teku, Prochlorococcus, wadda duk duniya cikin masu haɗa abincinsu da hasken rana babu mai yawanta, ita ba ta da katalas, sinadarin da ke fasa feroksaid, da za ta kare kanta, sai dai ta raɓu da wasu bakteriya su cinye mata feroksaid ɗin da ke kewaye da ita, mai bincike a kanta dole ya iya auna nanomola. A Holan an taɓa zuba feroksaid miligiram 2 a lita a wani tafki don a kashe gansakukar nan mai guba da ake kira sayanobakteriya ba tare da an taɓa kifi ba, dole a bi shi awa bayan awa a ga yaushe ya ƙare. Matatun ruwa da ke haɗa feroksaid da fitilar UV, mai hasken nan da ido ba ya gani, don ƙona ragowar magunguna, mafi yawan abin da suka zuba ba ya ƙarewa a wurin, yana wucewa gaba, kuma duk miligiram 1 da ya tsira sai ya cinye kusan miligiram 2.1 na kulorin ɗin da aka saka don kashe ƙwayoyin cuta. Masu auna COD, wato yawan oksijin ɗin da dattin ruwa zai ci kafin ya ƙone, a ruwan masana'anta su ma yana yi musu ƙarya, kowane miligiram ɗaya na ƙara kusan 0.47 a kan lambar gaskiya, mutum ya yi ta zargin matatarsa ba ta aiki alhali ragowar feroksaid ce kawai. A Amurka kuma dokar kwalaye da robobin da ake wankewa da shi kafin a zuba musu abu ta ce in aka cika ɗaya da tataccen ruwa aka auna kar ragowar ta wuce kashi 0.5 cikin miliyan.

Yawancin masu tambayata abin da suke so su ji shi ne wace hanya ce ta fi kyau, wace na'ura za su saya. Ni kuma gaskiya na daina amsa wannan kai tsaye, sai na ce nawa kake tsammanin samu tukuna. In miligiram ne a lita, akwai 'yan tsinkayen takarda da ake tsomawa su koma shuɗi, irin waɗanda aka fi gani suna farawa daga 0.5 zuwa 25, suna da amfani wajen sanin akwai ko babu, ban raina su ba ko kaɗan don sun sha cetona daga ɓata sinadarai masu tsada a kan samfurin da ya kamata a fara tsinkawa. Amma 0.5 ɗin nan da suke farawa da shi ya ninka na ruwan tafki kusan sau 150, in tsinke ya fito fari ba shi ne babu ba, shi dai bai gani ba. Haka auna shi kai tsaye da hasken UV a nanomita 240 (da nanomita ake bambanta nau'in haske), feroksaid na shan hasken amma kaɗan kaɗan, lambar shansa 43.6 ce, wato maikiromola 1 a kubet, ɗan gilashin da ake zuba samfur a saka a na'ura, mai faɗin santimita 1 zai ba ka 0.00004, wanda ko ƙurar da ta faɗa kan gilashin ta fi shi, ga naitiret da tarkacen ganye su ma duk a wannan yankin suke shan haske. Wannan na duba ƙarfin kwalbar ajiya ne kawai, zan zo kansa.

Sai hanyar taitaniyam, ka zuba gishirinsa a cikin asid ruwa ya koma rawaya ka karanta a wajen nanomita 400 zuwa 410. Ina son ta don ba ta da hayaniya, launin na daɗewa, kuma ba kowane abu ke ruɗa ta ba, sai dai idonta ba kaifi, a miligiram take jin daɗi. Ta ayodaid ta fi ta kaifi nesa ba kusa ba, feroksaid ya mai da ayodaid ya zama tirai'ayodaid tare da ɗan molibdet da ke hanzarta abin, a karanta a wajen 350, amma ita matsalarta kowa nata ne, kulorin ya zo ta ce feroksaid ne, ozon ya zo ta ce feroksaid ne, hatta iskar ɗaki in ka bar ruwan ayodaid ɗin a buɗe a hankali sai ya fara yin rawaya da kansa.

Wadda na fi daɗewa da ita ita ce ta DPD da feroksidas, wadda Bader da Sturzenegger da Hoigné suka fitar a 1988. DPD ɗin shi ne dai wanda ake auna kulorin da shi a wurin wanka da matatun ruwa, shi kaɗai ba ya kula feroksaid sosai, amma da zarar ka ƙara masa feroksidas, wani inzayim, wato sinadarin jikin abu mai rai da ke hanzarta haɗuwar sinadarai, da ake cirowa daga saiwar wata shuka, sai ruwan ya yi hoda nan take. Ana yi a bafa ta fosfet, ruwan da ke riƙe tsamin samfur a wuri ɗaya, wajen pH 6 a ma'aunin tsami, a karanta a nanomita 551, lambar shan haskenta kusan 21,000, ka kwatanta da 43.6 ɗin can. Maikiromola 1 zai ba ka 0.021 a kubet na santimita 1, in ka samu doguwar ta santimita 10 ya zama 0.21, da ita har nanomola 100 za ka gani, 0.021, ba yawa amma ana iya aiki da shi. Sai dai launin ba ya jira, cikin minti ɗaya ya kamata ka karanta, kuma kowane samfur daidai lokaci ɗaya, ni agogon waya nake ajiyewa a gefe, na zuba, na girgiza sau uku, na goge gilashin, na saka, duk a ƙirge, in wani ya yi min magana a tsakiya na amsa to wannan samfurin ya tashi aiki sai an sake. In ruwan na da baƙin ƙarfe a narke shi ma yana shiga tsakani, sai an fara ɗaure shi da wani sinadari kamar baifiridin.

In an sauko ƙasa da haka launi ya gaza, sai ƙyalli. A nan ma feroksidas ɗin ne ke aiki amma abin da yake juyawa yana ƙyalli in aka haska shi. Tsohuwar hanya ta sikofoletin ce, ita ƙyallin raguwa yake yi gwargwadon yawan feroksaid. Akwai ta POHPAA wadda Lazrus da abokan aikinsa suka tsara a 1985 don ruwan sama da na gajimare, biyu su haɗe su zama abu ɗaya mai ƙyalli a wajen nanomita 400. Akwai Amplex Red da ke komawa risorufin, mai ƙyalli a wajen 585, masu aikin ƙwayoyin halitta sun fi son sa, yana da kaifi amma ba ya shiri da haske sam, in ka bar shi ƙarƙashin fitilar ɗaki sai ya fara juyawa da kansa lamba ta dinga hawa ba dalili. Can ƙarshe kuma masu aiki a jirgin ruwa a tsakiyar teku suna amfani da sinadaran da ke fitar da nasu hasken, luminol ko akiridiniyam, a tura samfur ta siririn bututu ya gamu da sinadarin a gaban na'urar ƙirga haske, su har nanomola ɗaya biyu suke gani.

To ni a ranar nan da hanyar ƙyalli nake aiki, wato na'ura ba ta da laifi, tana gani sarai. Na koma na ɗebo ruwan injin kamar yadda Malam ya ce, na raba shi biyu, ɗaya na bar shi haka, ɗayan na ɗiga masa katalas na jira minti 10, sannan na zuba musu sinadarai. Wanda aka sa wa katalas ya kwanta ƙasa, ɗayan kuwa ya tashi, da na lissafa bambancin sai ga wajen nanomola 65. A cikin ruwan da nake ce wa sifili. Samfurina mai 25 na cire masa 65 dole ya ba ni debe 40, lissafi bai yi ƙarya ba, ni ne na ba shi ƙarya ya sarrafa min.

Dalilin ma in ka ji sai ka ce ai a fili yake. Irin waɗannan injinan na tace ruwa na ɗakin gwaji da yawansu suna da fitilar UV mai nanomita 185 a ciki, aikinta ta fasa ruwan ta fitar da haidiroksil, wato OH, masu ƙona duk wani datti mai kabon, to in dattin ya ƙare su haidiroksil ɗin sai su dinga haɗuwa biyu biyu, OH da OH kuwa ai H2O2 ke nan. Rezin ɗin da ke kama gishiri ba ya kama shi tunda ba shi da caji a irin wannan pH, mitar da ke jikin injin kuma mai nuna 18.2 ɗin nan, alamar ruwa ya tsarkaka, da kowa ke alfahari da ita gishiri kawai take gani. Saboda haka ruwa na iya zama tsarkakakke ta kowace fuska amma ya fi ruwan tafkin da ka ɗebo yawan abin da kake nema. Kuma ba sifilin kaɗai abin ya shafa ba, duk ruwan ma'aunin da na haɗa, wato masu feroksaid da na san adadinsa don kwatanta samfura da su, a cikin wannan ruwan na haɗa su, wanda na rubuta wa 50 ashe 115 ne, na 100 ashe 165, layin ya fito a miƙe tsaf gwanin sha'awa har na ɗauke shi hoto, amma gaba ɗayansa a ɗage yake.

Tun daga ranar in wani ya ce min zai fara wannan aiki sai na ce kafin ka yi maganar na'ura nemi katalas. Inzayim ne da ke kusan duk wani abu mai rai da ke shaƙar iska, shi ne ma ke sa ciwo kumfa in an zuba masa feroksaid, na ɗakin gwaji yawanci daga hantar saniya ake ciro shi, ƙwaya ɗayarsa na fasa miliyoyin feroksaid a daƙiƙa guda. Amfaninsa shi ne ya ba ka sifili na gaskiya daga cikin samfurin kansa. Ka raba kowane samfur biyu, rabi ka cinye masa feroksaid da katalas, rabi ka bar shi, su biyun launinsu ɗaya, gurɓatarsu ɗaya, duk wani abu da ke iya ruɗa sinadarinka yana cikinsu duka, abin da ya bambanta su kaɗai shi ne feroksaid. Eh aikin ya ninku, samfur 12 ya koma 24, amma ban san wata hanya da ta fi ta gaskiya ba. Abu biyu dai a kula, shi katalas ɗin ma yana mutuwa in ya daɗe a narke, sai ka gwada shi a kan ruwan ma'aunin da ka san ƙarfinsa ka ga ya share shi tas kafin ka yarda da shi. Na biyu kuma a duba takardar duk wani sinadari ko akwai sodiyam azaid a ciki, ana saka shi don hana abu lalacewa, shi kuwa yana kashe katalas da feroksidas gaba ɗaya, ka wayi gari komai na nuna sifili kana murna ruwa ya yi tsafta. In kuma da DPD kake yi a ruwan da ake zargin akwai kulorin, ƙara kubet na uku wanda ba ka sa masa feroksidas ba, in ya yi hoda to ba feroksaid ba ne ya yi shi.

Bayan sifili sai lokaci, wanda a ganina ya ma fi wuyar sha'ani don shi ba a gyara shi da lissafi. Samfurin da ke hannunka yana da rai. Bakteriya da gansakuka da ke ciki suna da nasu katalas da feroksidas suna ta cin abin da ka zo aunawa, a tafki mai yawan halittu cikin 'yan awanni rabi ya tafi, a tsakiyar teku inda ruwa ba komai yana kai kwanaki. A gefe guda kuma haske na ƙara shi. Na taɓa yi wa wani ɗalibi da ke gardama gwaji don ya gani da idonsa, ruwa ɗaya muka zuba a kwalba uku, ɗaya muka naɗe da takardar alminiyam muka sa a durowa, ɗaya muka tace da filta mai ramin maikiron 0.2 ita ma muka ɓoye, ta ukun muka tace muka ajiye a bakin taga. Da yamma ta durowa ta faɗi ƙasa sosai, tatacciyar ta ɗan ragu kaɗan, ta bakin taga kuwa ta haura inda ta faro. Ya tsaya yana kallon lambobin ya ce, "Malam to wanne ne na gaskiya?" Na ce wanda muka auna da safe lokacin da muka ɗebo. Shi ya sa kwalba mai duhu, a cika ta, a sa a sanyi, a auna da wuri, in da hali ma a zuba sinadarin tun a bakin ruwa, wannan shi ne daɗin POHPAA, da zarar ya gama haɗuwa abin da ya samar yana daɗewa bai canza ba, sai ka kai shi ɗakin gwaji a natse. Kuma a rubuta ƙarfe nawa aka ɗiba, da rana ko hadari, da zurfin da aka ɗebo, lamba ba tare da waɗannan ba kusan ba ta da ma'ana.

Kwalbar ajiya ita ma kar a yarda da abin da ke rubuce a jikinta. Ta kashi 30 cikin 100 ƙarfinta wajen mola 9.8 ne ranar da aka cika ta, duk da ana saka mata abin da ke rage lalacewa tana raguwa a hankali, musamman wadda kowa ke buɗewa yana tsoma fifet. A nan ne UV ɗin 240 ke da rana, ka tsinka ta sau 1,000 ya kamata ka ga wajen 0.43, in ka ga 0.38 to da 0.38 za ka yi lissafi. Daga nan sai tsinki bayan tsinki har ka sauko nanomola, kuma na ƙasan kullum sabo ake haɗawa, ba ya kwana. Ita wannan ta 30 ɗin fa ba ta wanke ciwo ba ce, ta taɓa ɗigar min a yatsa wurin ya yi fari fat yana zugi kamar ana soka allura, safar hannu da gilashin ido ba ado ba ne, murfinta ma mai ɗan numfashi ne saboda iskar da ke taruwa, kar a canza mata wani a ɗaure tam.

Sai kwalabe. Akwai lokacin da ruwan ma'aunina ɗaya kullum ke fitowa ƙasa da 'yan uwansa, na zargi fifet na zargi hannuna, ashe fulas ɗin ne, da na ɗaga shi a haske sai ga wani siririn zobe ruwan ƙasa a wuyansa, wani ya taɓa zuba famanganet a ciki ya bar tabon manganis dayoksaid, shi kuwa babu abin da ya iya kamar fasa feroksaid. Baƙin ƙarfe da tagulla su ma haka, tun 1894 Fenton ya ga abin da baƙin ƙarfe ke yi in ya gamu da shi. Yanzu kwalaben wannan aiki daban na ware su, a jiƙa a asid a ɗauraye, ba na ba da aronsu ko da za a ce na cika rowa.

Ko duk an yi wannan akwai ruwan da zai ƙi bin layin ma'auninka, musamman mai launin ƙasa ƙasa da ya sha ganye, tarkacen da ke ciki na rage ƙyallin ko su mayar da launin DPD baya kafin ka karanta, sai lamba ta fito ƙasa da gaskiya. Maganinsa ka yi ma'aunin a cikin samfurin, ka raba shi huɗu, ɗaya haka nan, sauran ka ƙara musu feroksaid da ka san adadinsa, misali 50 da 100 da 150, ka zana layi ka ja shi baya har inda ya yanki gindin, wannan tazarar ita ce abin da ke ciki tun asali. In gangaren layin ya yi daidai da na tsaftataccen ruwa ka huta, ba sai ka yi wa kowane samfur ba.

Abin da ke ba ni haushi a rahotannin da ake kawo min in duba shi ne mutum ya rubuta 0.00, ko kuma ya rubuta 3.2718 nanomola alhali bai taɓa sanin iyakar ganin hanyarsa ba. Ba wuya fa, ka auna sifilinka sau 10, ka ga yadda lambobin ke yawo, ka ninka wannan yawon sau 3, duk abin da ke ƙasa da haka ka rubuta ƙasa da kaza, ba sifili ba, ba kuma wata doguwar lamba mai ɗigo huɗu ba. In yawon sifilinka nanomola 5 ne to ba ka da bakin magana a kan abin da bai kai 15 ba, komai tsadar na'urar.

Su kuma samfuran nan 12, na so na cire 65 ɗin kawai na gyara lambobin na miƙa, Malam ya ce a'a, ba ka san ko ruwan injin na safe da na yamma ɗaya ba ne, tunda in ya daɗe yana zagayawa gaban fitila abin na taruwa. Na ce to bari na sake auna su gobe, ya kalle ni bai ce komai ba, ni da kaina na tuna za su kwana da bakteriyarsu a ciki. Haka na zubar da su a sinki ina ji ina gani. Bayan kwana biyu na koma na ɗebo sababbi da kwalabe masu duhu da filta da sinadarin a shirye a akwatin ƙanƙara, sau biyu, ɗaya da asuba ɗaya wajen ƙarfe 3 na rana, daga wuri ɗaya. Babu debe ko ɗaya a wannan karon, kuma na ranar ya ninka na asubar fiye da sau biyu.